Mahaifinsu na nan da rai

Duk wanda ya ji yadda yaranmu biyu suka shigo hannunmu, abin da yake fara cewa shi ne, "Allah Ya ba ku ladan riƙon marayu." Nakan ce amin, don ba a mayar wa mutum da addu'a. Amma in na ga mai zama ne ya saurara, sai in ƙara masa da cewa mahaifinsu na nan da ransa, yana noman kofi a wani ƙauye a yankin Jimma, kudu maso yammacin Addis Ababa, kuma muna gaisawa da shi ta waya. A nan fuska ke sauyawa. Wani ya yi shiru, wani ya ce, "To me ya raba shi da su?"

Ni da maigidana muna zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, an yi na asibiti har an gaji. Ba zan tsaya a kan wannan ba, wadda ta ɗanɗana ta san yadda yake. Da muka yanke shawarar ɗauko yara daga Habasha, sai takardu suka zama sana'armu. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo gida, ta leƙa ɗakuna, ta duba samunmu da lafiyarmu, ta tambaye mu yadda aka tarbiyyantar da mu da yadda muke yi in mun saɓa. Aka ɗauki zanen yatsunmu. Habasha ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata, don haka tun daga 2013 hukumar shige da fice ta Amurka ta riƙa bincika tarihin yaro tun kafin a shiga kotu. Daga nan sai ma'aikatar harkokin mata da yara ta Habasha ta ba da nata ra'ayi, sannan kotun tarayya da ke Addis Ababa ta yanke hukunci. A lokacin, in akwai uwa ko uba a raye, dole ya zo da ƙafarsa ya shaida wa alƙali cewa ya yarda kuma ya fahimci abin da ya yarda da shi.

A farkon 2016 muka zauna da mahaifin yaran, tafinta na tsakaninmu. Mutum ne siriri, mara yawan magana, ya riƙe hularsa a hannu har muka tashi. Matarsa ta rasu makonni kaɗan bayan haihuwar ƙaramin. Yana da manyan yara uku, ga tsohuwarsa da ido ya fara gaza mata, ga jariri ba nono. Ya kai jaririn gidan marayu, yayar jaririn da ke binsa da goyo ta ƙi rabuwa da shi, sai ya bar su tare. Bai tambaye mu girman gidanmu ba. Ya tambaya ko za su yi karatu, ko za su yi sallah, ko za mu riƙa aiko hoto. Sannan ya ce kada mu bari su manta suna da uba.

Daga baya na ga alƙaluman Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya: a 2015 akwai yara kusan miliyan 140 a duniya da ake lissafawa a matsayin marayu, amma kimanin miliyan 15 ne kawai suka rasa uwa da uba duka. Namu suna cikin sauran. Akwai tambayar da nake ɗauke da ita tun daga wannan zama: da abin da muka kashe a takardu da kuɗin jirgi an miƙa wa bawan Allah nan, da ya rabu da 'ya'yansa? Ina son yaran nan son da ban san ina da irinsa ba, kuma son bai kashe tambayar ba.

Muka iso da su ana tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. A takarda babbar shekara huɗu gare ta, ƙaramin shekara ɗaya da rabi. Likitoci a asibitin Jami'ar Minnesota, inda tun 1986 akwai sashe na musamman na yaran da aka ɗauko daga ƙetare, suka duba jini da bayan gida, suka yi gwajin tarin tibi, suka sake wasu alluran rigakafin da ba a tabbatar an yi ba, suka ba da maganin ƙwayoyin cutar hanji da bitamin D. Wannan duk mai sauƙi ne. Magani ne, a sha a warke.

Abinci ya fi ba mu aiki. Babbar takan ci har cikinta ya yi tam, in na ɗauke tukunya daga tebur ta fashe da kuka. Da safe in na zo gyaran gado sai in tarar da gutsuren burodi ƙarƙashin matashi, wani cikin safa, wani cikin takalmi. Likitar ta ce kada mu ƙwace, kada mu yi faɗa. Muka ajiye wani ɗan kwando a inda hannunta zai kai, kullum da abin taɓawa a ciki, muka ce nata ne, dare ko rana. Takan tashi cikin dare ta je ta duba, ba ta ci ba, ta duba kawai ta koma ta kwanta. A hankali dubawar ta ragu. Yau yarinyar nan sai an yi da gaske take gama abin da aka zuba mata, har ta ce wannan ba ta so, wancan ya yi yaji. Maigidana in ya ji tana tsirfa sai ya yi dariya ya ce, "Madalla, an ƙoshi."

Ƙaramin kuwa ba ya kuka. Ya faɗi ya buge goshi, ya tashi shiru. In zai yi barci sai ya durƙusa ya riƙa jijjiga kansa gaba da baya har barci ya ɗauke shi, in na ɗauke shi in rarrasa sai ya sandare. Baƙi suna yaba haƙurinsa. Ba haƙuri ba ne. Inda mace ɗaya ke kula da jarirai da yawa, kuma ta safe daban ta dare daban, jariri yakan gane kuka ba ya kawo kowa, sai ya daina. An yi wani babban bincike a Bukarest ta Romaniya daga shekarar 2000, aka bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka fitar kafin su kai shekara biyu sun fi samun shaƙuwa da masu riƙonsu, kuma sun fi ci gaba a fahimta. Wannan ya kwantar mini da hankali game da shi, ya kuma tayar mini da shi game da yayarsa. Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Ya motsa, mu je. Ya yi tari, mu je. Muka shimfiɗa katifarsa a ɗakinmu. Ranar da ya fara tsala ihu cikin dare yana miƙo hannu, ni da maigidana har karo muka yi a bakin gadon.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sha'anin babbar da ƙaninta. Ita ce uwarsa kafin ni. Yarinyar da ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba, ta san kukan yunwarsa tun bai yi shi ba, ta san yadda ake hura masa abinci ya huce. In na ɗauki cokali zan ba shi sai ta karɓe. In na kai shi wanka ta tsaya a bakin ƙofa ta kafa mini ido har in gama, ta zo ta shafa bayansa ta ji ko ruwan ya yi zafi. Wata rana ya ƙware da ruwa a hannuna, ta zabura ta fizge shi, ta juya mini baya. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Sai dai da na zauna na yi tunani, na ga ni ce baƙuwa a tsakaninsu. Duk babban da ta taɓa dogara da shi, ko ya mutu ko ya tafi ya bar ta. Abu ɗaya da bai kuɓuce mata ba shi ne yaron nan, ga wata mata da ba ta jin harshenta ta zo za ta karɓe shi.

Sai na koma neman izini. "Yaya, in ɗauke shi?" "Yaya, zo ki nuna mini yadda kike goya shi." In ta gyaɗa kai in ɗauka, in ta ƙi in jira. Muka raba aiki: ita ke zaɓar rigarsa, ni ke sa masa. Ita ke riƙe tawul, ni ke wanka. Ban so in raba ta da matsayinta ba, so nake ta sauke nauyin da ya fi ƙarfin wuyanta. An ɗauki lokaci mai tsawo. Yadda na gane an zo wurin shi ne wata la'asar a filin wasan yara, ya faɗi ya fara kuka, ta waiwayo daga kan lilo ta ce, "Mama, ga shi can yana kuka," ta ci gaba da lilonta.

A waje kuwa akasin haka take. Kowace mace "Mama" ce, kowa ya miƙo hannu ta bi shi, ta hau cinyar wanda ba ta taɓa gani ba. Mutane suna cewa yarinya ba ta da ƙiwa, ga fara'a. Masana sun san wannan hali a yaran da suka zauna gidan marayu: yaro bai riga ya ware wasu mutane ya ce waɗannan nawa ne ba, kowa zai iya zama mai ba da abincin gobe. Muka roƙi 'yan uwa da abokan arziki cewa na ɗan lokaci kada kowa ya ɗauke su, kada ya ba su abinci a baki, in sun nemi wani abu a turo su wurinmu. Wasu sun ji haushi. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Ke, wane irin iyayi ne wannan? Ɗa ai na kowa ne." Na ce, "Inna, gaskiyarki. Amma waɗannan sun daɗe suna na kowa, so nake su fara sanin nasu tukuna." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah Ya raya." Yanzu ita ce ke tambaya ko jikarta ta daina bin mutane a kasuwa.

Maganar harshe ita ce ban daina jin ciwonta ba. Oromo ta tashi da shi a gida. Watannin da ta yi a Addis Ababa kafin a gama shari'a, masu kula da su da harshen Amhara suke magana. Ta zo nan ta tarar da Turanci a waje da namu harshen a cikin gida. Harshe huɗu ke nan a kan yarinyar da ba ta shiga makaranta ba. Kafin shekara ta zagayo Turanci ya zauna a bakinta, Oromo ya zube. Abin mamakin shi ne babu jihar da ta kai Minnesota yawan Oromawa a duk Amurka. A masallaci mata sukan dube ta su gane tasu ce, su sunkuyo su yi mata magana, sai ta cusa fuska cikin mayafina ta ƙi ɗagowa. Na daɗe ina zaton kunya ce. Sai da ta ƙara wayo ta gaya mini cewa duk sanda ta ji harshen nan, gani take an zo tafiya da ita.

Ba mu tilasta mata ba. Akwai wata dattijuwa 'yar yankinsu da muka saba da ita, takan zo ta zauna da ni mu yi hira, ta yi 'yan waƙe-waƙenta tana tsefe wa yarinyar kai, ba darasi ba tambaya. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yan matan da aka ɗauko daga ƙasar Sin suna jarirai, suka tashi ba su jin komai sai Faransanci. Da aka sa musu karin sautin harshen Sin, ƙwaƙwalwarsu ta amsa kamar ta masu jin harshen. Ina riƙe da wannan. Amma halin da ake ciki yau, in Abba ya kira (haka suke ce wa mahaifinsu, maigidana kuma Baba), sai dattijuwar nan ta zauna tsakanin uba da 'yarsa ta yi tafinta. Yakan yi ta magana, 'yarsa ta ce "eh" a inda aka ce ta ce. A Oktoban 2016, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Habasha saboda zanga-zangar yankin Oromiya aka toshe intanet na wayar hannu, mun daɗe ba mu ji daga wanda ke haɗa mu da shi ba. Kullum kafin barci sai ta tambaya ko Abba ya mutu. Ban ce mata a'a ba, don ban sani ba a lokacin. Nakan ce, "Ban ji haka ba, kuma in na ji ba zan ɓoye miki ba."

Ranar haihuwarta ma wani labari ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Habasha a 2016 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Ga kalandarsu daban, wata goma sha uku, sabuwar shekara a Satumba, lokacin da muka je su suna cikin 2008. Wani ma'aikaci ne ya dube ta ya rubuta rana. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: da haƙoranta suka fara faɗuwa da wuri, likitan haƙori ya ce yarinyar nan ta girmi takardarta, wataƙila da shekara guda. Muka tambayi Abba, ya ce lokacin tsinkar kofi aka haife ta, wato ƙarshen shekara, takarda kuwa ta ce Mayu. Muka bar ta takarda don makaranta da asibiti. In Nuwamba ta kama kuma mu yi mata wani ɗan shagalin a gida. Ƙaninta yana ganin an cuce shi, ita biyu shi ɗaya.

A kan suna ba mu yi gardama ba. A Habasha yaro sunansa yake ɗauka, sai na ubansa, sai na kakansa. Fasfon da aka ba su ya ɗora musu sunan maigidana. Da muka je kotun jiha a nan, muka mayar da sunan mahaifinsu kusa da nasu, na maigidana ya zo a ƙarshe saboda makaranta da inshora da tafiye-tafiye. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma ko ba don haka ba mun yi wa mutumin alkawari. Zama ɗan ƙasa kuwa ya zo musu da sauƙi albarkacin dokar da Amurka ta yi a 2000, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2001. Dokar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika shekara 18 a lokacin ba, shi ya sa akwai mutanen da aka kawo suna jarirai, suka girma a nan, rana tsaka suka gano ba 'yan ƙasa ba ne, har an kori wasu. Takardar shaidar yaranmu tana cikin akwatin ƙarfe, na kuma ajiye kwafinta a wurare daban-daban.

Da yake dukanmu baƙar fata ne, ba kowa ke gane ba ni na haife su ba. Wannan ya rage musu kallo a titi. Makaranta ce ke tono zancen ba da gangan ba: a kawo hoton jariri, a zana bishiyar dangi. Ba mu da hotonta tana jaririya, babu wanda ya taɓa ɗauka. Bishiyar kuwa ta zana ta da saiwa a Jimma, rassa a nan, malamar ta karɓa. A daren nan ta yi mini tambayar da na san tana tafe: "Mama, me ya sa Abba ya riƙe su Yaya uku, mu ya bayar da mu?" Na ce su sun isa su ci abin da manya ke ci, ƙaninta kuwa nono yake buƙata ba mai ba shi, ita kuma ta ƙi sakinsa. Ta ce, "To da na sake shi da ina can?" Na ce wataƙila. Ta yi kuka sosai, na riƙe ta, ban ce mata nan ya fi can ba. Washegari ta ƙi kula ƙaninta har azahar, daga nan suka koma faɗan wa zai riƙe rimot.

Shi ya sa in babba ya dubi yaran nan ya ce, "Kun yi sa'a, ku gode wa iyayenku," nake katse shi, ko da zai ga rashin kunyata. Yaron da ya rasa uwa, ya bar uba da 'yan uwa da harshe tun bai kai shekara biyar ba, ba a ɗora masa bashin godiya. In sun yi rashin ji a tsawata musu kamar kowane yaro, in sun yi abin kirki a sa musu albarka, shi ke nan.

A Janairun 2018 majalisar dokokin Habasha ta haramta ba wa 'yan ƙasashen waje yara. Kafin nan, a 2010 kaɗai Amurkawa sun ɗauko yara fiye da 2,500 daga can. Mutuwar wata yarinya 'yar Habasha a hannun masu riƙonta a jihar Washington a 2011 ta girgiza mutanen ƙasar, ga kuma rahotannin iyayen da aka yaudara da cewa karatu 'ya'yansu za su je su dawo, da yaran da aka rubuta iyayensu sun mutu alhali suna raye. Wasu iyayen riƙo da na sani sun fusata da haramcin. Ni na tausaya wa yaran da har yanzu ke gidajen marayu, amma ban ga laifin ƙasar da ta ce ta gaji da ganin ana fita da 'ya'yanta ba. Mu ma sai da muka ɗauki wani mutum mai zaman kansa, wanda ba ruwansa da ƙungiyar da ta yi mana jagora, ya je ƙauyen ya tambayi Abba da maƙwabta. Labarin ya zo daidai, sai shekarun yarinyar.

Mun sa hannu cewa za mu riƙa aika rahoto Habasha kowace shekara har su cika 18. Ko akwai mai buɗe shi a ma'aikatar yanzu, oho. Ina rubutawa, in sa a fassara kwafi ɗaya zuwa Oromo a kai wa Abba, babban ɗansa ya karanta masa: tsawonsu, nauyinsu, surar da suka kai, haƙorin da ya faɗi, wanda ya karya gilashin taga. Shi ma yana aiko nasa labarin, ruwan bana, saniyar da ta haihu, rasuwar tsohuwarsa.

Ƙaramin duk wannan bai dame shi ba tukuna. In an ce ga Abba a waya, ya ce "salamu alaikum" ya ruga wurin ƙwallonsa. Lokacinsa na zuwa, kuma ba lallai ya zo da irin tambayoyin yayarsa ba. Muna tara kuɗin zuwa Jimma mu duka huɗu. Da maigidana ya gaya wa babbar, ta yi tsalle, ta kawo littafi ta fara rubuta abin da za ta kai wa kowa. Can da dare ta same shi a falo ta ce, "Baba, tikitin na zuwa da dawowa ne?" Ya ce na zuwa da dawowa ne. Ta ce in an saya a nuna mata na dawowar, ta ga sunanta da na ƙaninta a jiki, kuma ita za ta riƙe shi a jakarta. Ya ce ya yarda.